Gwaggo da Kafaɗar Simon Dzarma

Mai kunne ya matso, mai aiki ya ɗan ajiye, ga labarin wani mutum da bakinsa ya fi kafaɗarsa ƙarfi.

A shekarun da Maisandari take bakin garin Maiduguri, idan ka wuce gidan ƙarshe sai gonakin wake da daji, an yi wani mutumin ƙasar Biu mai suna Simon Dzarma. Gadin wani sito yake yi, amma idan ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce maka shi maharbi ne ɗan maharbi. Rabin maganar gaskiya ce. Ubansa ya yi wa wani Bature dako a zamanin da giwaye ke shiga gonakin mutane, da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa bindigarsa, wata ƙatuwa mai baki biyu, harsashinta kamar ƙaramar ayaba. Tsohon ya sa mata suna Gwaggo, don ba ta shawara da kowa kafin ta yi mari. Abin da ke gabanta zai sha rabonsa, wanda ke bayanta ma zai sha nasa.

Tsohon ya bar 'ya'ya maza biyu, Simon da ƙanensa Pindar, ya kuma bar magana ɗaya: Gwaggo ta zauna a hannun wanda zai iya harba ta a tsaye bai faɗi ba. Simon ne babba, shi ya ɗauko ta ya kawo Maiduguri, inda babu giwa ko ta magani. Ya ajiye ta ƙarƙashin gado. Duk yamma sai ya zauna a ƙofar gida yana kashe giwaye da baki, kowace shekara suna ƙara yawa suna ƙara girma.

Ranar da aka kai 'yarsa Rose gidan miji, da damina, ya ce duk Maiduguri sai ta san wanda ya aurar da 'ya. Ya hau kekensa a gaban 'yan rakiya, ya ɗaga Gwaggo sama yana zaune a kan sirdi, ya ja kunama. Keke ya yi gabas, Simon ya yi yamma, kafaɗarsa ta dama ta bar mazauninta.

Maƙwabciyarsu Ya Zainaba aka kira, wata dattijuwa Babarbariya mai ɗori, tana kuma kiwon raguna. Ta sa ƙafa a hammatarsa ta ja hannun. Ihun da ya yi, masu zama a Yerwa, can tsakiyar garin Maiduguri, sun ce sun ji. Shi dai daga baya ya ce waƙar yabo yake rerawa.

"Baban Rose," in ji Ya Zainaba tana ɗaure masa hannun a wuya da tsumma, "ƙashin tsoho ba na yaro ba ne. Kada ka ɗauki abin da ya fi cokali nauyi sai na ce maka."

"Wa ye tsohon?"

"Wanda ya yi ihun."

Damina ta yi nisa, an fara yankan gero, hannun ya sauko daga wuya amma bai gama komawa daidai ba. Sai ga Pindar daga gida Biu da buhun gyaɗa a ka. Shi mutum ne mai ƙarancin magana, irin waɗanda idan sun zauna shiru ka san da abin da ya kawo su. Ya ci tuwo, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Yaya, na zo gaishe ka da jiki. Na kuma zo ɗaukar Gwaggo. Aladun daji sun hana mu cin gyaɗa a gida."

"Ɗaukar wa?"

"Baba ya ce wanda zai harba ta bai faɗi ba. An ce mana ka faɗi."

"A zaune nake! A kan keke! Baba bai ce komai a kan keke ba."

"To ka harba ta a tsaye mu gani."

Da Simon mai hankali ne, da ya ce a bari kafaɗa ta warke. Amma namijin da ya haye hamsin bai yi hankali ba, sai dai a saya masa babbar hula a rufe wurin. Ya miƙe tsaye ya bugi ƙirji da hannun hagu.

"Ba a ɗaki zan harba ta ba. Ranar godiya ta kaka, bayan an tashi sujada, a filin bayan coci, gaban Rabaran da dukan ikilisiya. Ka rataya murfin tukunya a jikin kukar nan ta bakin fili. Idan ban huda shi ba, ko na faɗi, ɗauki Gwaggo ka tafi, ka haɗa da takalmana."

"Takalmanka ba za su shige ni ba," in ji Pindar. "Gwaggo ta isa."

Matar Simon, Dorothy, ita ce shugabar zumuntar mata ta cocinsu, mace ce da ba ta son wasa da sunan gidanta. Da Pindar ya fita zaga gari ta ce, "Baban Rose, ka ba shi abarsa ya tafi. Tunda ka kawo ta gidan nan, ban da kafaɗarka me ta taɓa kayarwa?"

"Maman Rose, ba za ki gane ba. Mutanen unguwar nan da ke gaishe ni suna rusunawa, ni suke gaisarwa ko mai gadin sito? Ranar da Gwaggo ta bar ƙarƙashin gadon nan, wa zai zauna ya saurare ni?"

"Yanzun ma wa ke sauraronka? Inuwar ƙofarmu suke sha."

Kafin rana ta faɗi Simon ya riga ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa mai faci, ya gaya wa Bulama, mai unguwarsu. Washegari labari ya kai unguwar Limanti can cikin gari, har an ƙara masa gishiri, wai ido a rufe zai yi harbin.

Sai da ya koma ɗaki ya jawo Gwaggo ya ɗaga ta, kafaɗar ta yi masa wani irin tsam har cikin haƙori. Ya mayar da ita da sauri. Ya zauna ya yi tunani irin nasa, ya gano cewa kafaɗa kamar jaki take, hutu ne ke lalata ta, sai an sake koya mata shan duka.

Ya ɗauko taɓarya ya miƙa wa Dorothy. "Ki riƙa dukan kafaɗar nan a hankali, kina ƙarawa."

Dorothy ta karɓa ta jinjina nauyinta, ta dube shi tun daga hula har ƙafa. "Na daɗe ina roƙon Allah ya nuna mini ranar nan. Amma dole sai a kafaɗa?"

Ya karɓe taɓaryarsa.

Sai tunaninsa ya kai kan babban ragon Ya Zainaba, wanda take turkawa don Sallah, mai ƙaho kamar murɗaɗɗiyar igiya. Wannan ai tunkuyinsa daidai yake da na Gwaggo. Ya jira da hantsi ta tafi kasuwa, ya ɗaure matashin kai a kafaɗa, ya tsallaka dangarta, ya tuɓe takalma, ya kwance ragon, ya durƙusa a gabansa yana miƙa masa kafaɗa.

"To, bismillah. Nan za ka doka."

Rago ya dube shi yana tuƙa. Ya matso ya shinshina matashin, ya sami wurin da ɗinki ya ɓalle ya fara jan auduga.

"Kai, ba ci na ce ba! Ashe ƙahon na ado ne? Tunkiya ma ta fi ka zuciya."

Ya tura shi, ya ja masa kunne, ya zagi uwarsa da ubansa. Rago bai kula ba. Simon ya gaji, ya tashi ya juya baya, ya sunkuya zai ɗauki takalmansa. A nan ragon ya ga wurin da ya dace da shi. Ya ja da baya, ya taho.

Ya Zainaba ta dawo ta tarar da maƙwabcinta kansa cikin kwamin ruwan dusa, ƙafafu a waje, ragonta yana tsaye a gefe yana cin matashi.

"Wushe, sannu, Baban Rose. Dusar ta ji gishiri?"

Ya ɗago yana tofarwa. "Lafiyar ragon na zo dubawa. Na ga kamar ya rame."

"To ka duba. Ya ce a gaya maka ƙalau yake."

Lahadin da ta biyo a tsaye Simon ya yi sujada tun daga waƙar farko har addu'ar rufewa. Wanda ya tambaye shi sai ya ce maharbi ƙafafunsa yake horarwa.

Dabara ta biyu a kasuwa ya same ta, a shagon Nnanna, wani Inyamuri mai sayar da kayan babur, wanda Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Nnanna bai taɓa jin matsalar da babu maganinta a shagonsa ba.

"Oga Simon, me ke hana mai babur jin rami? Sifirin! Rami ya daki taya, sifirin ya shanye, mutum yana sama yana fito. Mu ɗaura wa Gwaggo sifirin a gindi, ta yi ta duka, kai ko a jikinka."

"Ka taɓa gwadawa?"

"Turawa haka suke yi, ɓoye mana suke. Wannan na Jafan ne, ba irin na banza ba."

Suka ɗaure sifirin a gindin bindigar da waya da robar taya, suka rufe bakinsa da guntun soso. Da yamma suka fita bayan gonakin wake don gwaji. Nnanna ya ce shi zai fi ganin aikin sifirin da kyau daga nesa, ya je bayan wani suri ya kwanta.

Simon ya auna wani kututture, ya rufe ido ɗaya, ya rufe ɗayan ma, ya ja kunama. Sifirin ya shanye dukan kamar yadda Nnanna ya ce, sai dai bai haɗiye ba. Ya zame daga kafaɗa, gindin Gwaggo ya tashi sama ya sami Simon a kumatu, sifirin ya fice da kuka ya wuce ta saman suri. Simon ya zauna daɓas cikin ƙarangiya.

Nnanna ya leƙo. "Oga, kafaɗa fa?"

Simon ya taɓa. Kafaɗa lafiya.

"Ka gani? Na ce maka na Jafan ne. Saura mu samo na fuska."

Kumatun ya kumbura har ido ɗaya ya shige. A gida ya ce zuma ce ta harbe shi. Ya Zainaba ta leƙo ta saman danga ta duba ta ce ita tun tasowarta ba ta taɓa ganin zuma mai gindin katako ba. Pindar ya samo tsumma da mai ya fara goge jakar fatar da zai sa Gwaggo a ciki, a tsakar gida, inda yayansa zai gani.

Yanzu kam tsoro ya shiga Simon. Harsashi biyu suka rage masa, babu na sake gwaji. Ko kallon ƙarƙashin gado ya yi sai kafaɗar ta amsa. Amma bakin bai ji labari ba. A wurin mai shayi, da rabin fuska, yana cewa murfin tukunya ya yi masa girma, da Pindar ya rataya kwabo.

Ranar godiya ta zo. Tun da sassafe Dorothy take juya akwati tana neman zannuwanta na ankon zumunta, da wanda za ta ɗaura da na yafawa da ɗankwali. Babu su babu dalilinsu. Ta zazzage ɗaki, ta tambayi maƙwabta, ta tambayi mijinta ta bayan ƙofa, don ya kulle kansa yana shiri.

"Ni ina ruwana da kayan mata?" in ji shi daga ciki.

Haka ta tafi coci da tsohon zane, ita shugaba, ta tsaya gaban mata duk sun yi anko, kamar baƙar tunkiya cikin farare. Waƙa take bayarwa amma idonta ja.

Simon bai shiga sujada ba sai da aka kusa tashi. Ya zo cikin tsohon kwat ɗinsa na gadi, ana zafin da ƙadangare ma ke neman inuwa. Kafaɗarsa ta dama ta tashi ta kusa taɓa kunne, ta yi gaba kamar an ɓoye tulu a ciki. Tafiya yake a karkace, gumi na zuba.

"Baban Rose, me ya sami kafaɗar?" in ji wani dattijo.

"Horo ne. Tsoka ce ta taru."

A filin bayan coci matasa sun kafa doguwar rumfa ta zana, dirkoki a jere, dirkar tsakiya ta gaba ita ke ɗauke da babban itacen da duk sauran suka hau kansa. A ƙarƙashi aka jera baikon godiya da za a yi gwanjonsa: kaji a ɗaure, ƙwai cikin ƙwarya, kabewa, buhunan gyaɗa, tulun kunu, da wata akuya da aka ɗaure a jikin dirkar tsakiya. Rabaran yana zaune a kujerar gaba cikin farar riga, dattawa a gefensa, ga Bulama da aka gayyata ya zo da doguwar hularsa. Mutanen unguwa, Musulmi da Kirista, sun cika bakin fili. Ya Zainaba ta sami wuri a gaba ta shimfiɗa tabarmarta, ta fito da kwalbar man ɗori da tsummoki ta jera.

Simon ya gani. "Ya Zainaba, wannan fa?"

"Don kada in yi tafiya biyu."

Pindar ya rataya murfin tukunya a jikin kuka, ya dawo ya ja layi a ƙasa da ƙafa, 'yar tazara gaban rumfa. Simon ya tsaya a kan layin, ya sa harsashi a bakin Gwaggo duka biyun, ya juya ya fuskanci jama'a.

"Ikilisiya da maƙwabta! Yau za ku ga abin da giwayen ƙasar nan suka gani, ba su dawo sun ba da labari ba. Masu ciki su toshe kunne. Wanda ke da tukunyar murfin nan ya yi haƙuri, daga yau abin tace koko ne."

Matasa suka yi tafi. Ya ɗaga Gwaggo ya kafa gindinta a kan tulin kafaɗar. Nan matsala ta fara. Abin da ya cusa a ciki ya tura bindigar gaba har hannunsa ba ya kaiwa ga kunama. Ya miƙa, ya ƙara miƙawa, da ƙyar kan 'yan yatsunsa biyu suka shiga. Bakin Gwaggo yana ta yawo, daga kuka zuwa sama, daga sama zuwa wajen masu kallo, su kuwa duk inda ya juya sai su kwanta kamar gero a iska.

Ya san idan ta tura shi a haka, ƙasa zai sha. Ya sauke bindigar.

"Rana tana shiga mini ido."

"Rana tana bayanka, Yaya."

"To zafinta ne."

Ya ja da baya kaɗan. Ya ƙara ja. Ya yi ta ja har ya shiga bakin inuwar rumfa, bayansa ya sami dirkar tsakiya. Ya manna kafaɗar da ita sosai, ya ji daɗi. Yanzu ko giwa ce ta ture shi ba zai faɗi ba.

Pindar ya taso da sauri, karo na farko da aka ga ya ɗaga murya. "Yaya, jingina ka yi!"

"Baba ya ce a tsaye. Ga ni a tsaye. Bai ce komai a kan jingina ba."

"Ya ce! Ya ce Gwaggo ba a yi mata gardama, idan ta tura ka ka bi ta baya. Idan ka tare bayanka, ina dukan zai tafi?"

"Ka ji mai hassada. Matsa, yaro, kada iskarta ta ɗauke ka."

Duk wanda ya taɓa riƙe babbar bindiga ya san wannan. Jiki ne ke tafiya da dukan ya rage masa ƙarfi. Mai jingina ya sa kafaɗarsa tsakanin guduma da maƙera. Tsofaffi biyu 'yan ƙasar Biu da ke zaune cikin dattawa suka dubi juna, suka ɗauki sandunansu suka fice daga rumfar ba sallama. Rabaran bai san harkar bindiga ba, ya gyara zama, har ya ɗaga hannu ya sa albarka.

Simon ya rufe ido, ya miƙa 'yan yatsun nan biyu iya ƙarfinsa, ya ja. Gwaggo kunama biyu gare ta, kowane baki da tasa. Ya ja su tare.

Ba a taɓa jin irin ƙarar nan a Maisandari ba. Dirkar tsakiya ta tumɓuke da ƙasarta, ta yi baya da Simon a manne. Babban itacen ya sauko, sauran suka biyo shi, rumfar ta durƙusa daga wannan kai zuwa wancan kamar raƙumi zai sauke kaya. Tulun kunu ya fashe. Kabewa suka gangara cikin fili. Kaji, ƙafafu a ɗaure, suka yi ta tashi suna faɗowa kan mutane. Akuya ta fito ta ƙarƙashin zana tana jan guntun dirka, ta ratsa tsakiyar matan zumunta ta nufi daji, yara na bin ta.

Zana ta motsa a wuri ɗaya, kan Bulama ya ɓullo babu hula, ya duba hagu da dama ya yi salati. A wani wurin aka ji muryar Rabaran daga ƙasa yana kirga dattawansa da sunayensu, kowa na amsawa. Cikinsu babu wanda ya ji ciwon kirki, sai kunu da ƙwai da suka raba wa kowa daidai.

Can a jikin kuka, murfin tukunya yana rataye yana ƙyalli. Ko ƙura ba ta taɓa shi ba. Wani reshe ne can sama ya karye, 'ya'yan kuka na zubowa.

Matasa suka ɗaga itace suka jawo Simon ta ƙafa. Kafaɗar dama ta sake barin mazauninta, ta hagu kuma babban itacen ya sauka a kanta. Kwat ya yage daga wuya zuwa hammata. Dorothy ta matso za ta yi kuka, sai ta ga bakin wani zane da ta sani yana leƙowa. Ta kama ta ja. Zanenta na ɗaurawa ya fito. Ta sake ja, na yafawa ya biyo. Ɗankwali ya fito, soson kujerar mota ya fito, ragowar matashin da rago ya ci ya fito, har da rigar sanyin Pindar.

"Tsoka ce ta taru," in ji dattijon ɗazu, yana share ƙwai daga gemu.

Matan zumunta suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Dorothy ta tsaya da zannuwanta a hannu, sun jiƙe da gumi, ta dubi mijinta.

"Da tsohon zane na tsaya gaban matan nan yau, Baban Rose."

"Maman Rose, hannuna."

"Wanne?"

"Duka."

"Madalla."

Rabaran ya rarrafo ya fito, farar rigarsa ta koma ruwan ƙwai. Mutum ne mai haƙuri, ba a taɓa jin ya yi wa kowa tsawa ba. Ya nuna Gwaggo da ke kwance cikin kunu.

"Pindar, ɗauki abin nan. Motar Biu ta farko da ka samu, ka shiga da ita."

"Ban faɗi ba!" in ji Simon daga ƙasa. "Kowa shaida ne! Dirka ce ta faɗi, ni bin ta na yi, kamar yadda Baba ya ce!"

"Murfin fa, Yaya?"

"Iska ce ta kaɗa shi ya kauce."

Pindar ya goge Gwaggo da gefen rigarsa, ya sa ta cikin jakar fata, ya ɗauki rigar sanyinsa ya saɓa. Ya durƙusa ya ce wa yayansa Allah ya ƙara sauƙi, ya nufi tasha. Simon ya bi jakar da ido har ta sha kwana. Ya Zainaba ta jawo tabarmarta kusa, ta tuɓe takalmi, ta tambaye shi wace waƙar yabon zai fara da ita.

Haka Simon Dzarma ya koma ƙofar gidansa da hannu biyu rataye a wuya, ko ƙuda ba ya iya kora. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa dubiya, wasu don Allah, wasu don su gani da idonsu. Dorothy ce ke ba shi abinci a baki, tana zaune a gefensa da kwanon tuwo.

Ana cikin gaisawa ya gyara murya. "Ku dai faɗi gaskiya. Duk ƙasar Barno, wane maharbi ne ya taɓa harbi ɗaya ya kayar da reshe a gaba, ya kayar da rumfa a ba…"

Dorothy ta cusa masa loma. Ya tauna, ya haɗiye da ƙyar.

"Ni Simon ɗan…"

Ta ƙara masa wata, wadda ta fi ta farko girma. Ta juya wajen 'yan dubiya ta ce su ci gaba da hirarsu, tuwon da yawa, ta tuƙa har da na gobe.

Nan labarin ya tsaya, mai dariya ya yi a hankali kada ya ƙware.